Takunkumin fuska: abin da doka ta ce, da abin da ke sa ya yi amfani

A watan Janairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar kare lafiyar jama'a daga cutar korona, wadda ta samo ƙarfinta daga tsohuwar dokar killace masu cututtuka masu yaɗuwa. Dokar ta hana shiga kasuwa ko masallaci ko makaranta ko motar haya sai da takunkumin da ya rufe hanci da baki, ta kuma tanadi tara ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya saɓa. An sassauta tilascin daga baya, amma tarin fuka da ƙyanda ba su daina bin numfashi ba, shi ya sa mai zuwa dubiya asibiti a Sakkwato yake bukatar sanin ƙa'idar.

Sharaɗin rufe hanci da baki ya fitar da mai sauke takunkumi zuwa haɓa daga cikin masu bin doka. Batun inganci kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fayyace shi a 2020, inda ta ce takunkumin yadi ya zama ninki 3: na ciki auduga mai tsotse danshi, na tsakiya mai tace iska, na waje wanda ba ya shan ruwa. Bisa wannan ma'auni, amawalin rawani ko gefen mayafi bai wadatar ba.

Sai dai ko takunkumin da ake kira N95, wanda ke tare aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin da ke yawo a iska, amfaninsa yana raguwa matuƙa idan bai zauna daram a fuska ba, domin iska hanya mafi sauƙi take bi. Ana lanƙwasa wayar da ke samansa ta kama karan hanci, idan kuma takunkumin asibiti ne na gama-gari, a ƙulle igiyoyin kunne kusa da gefensa don toshe kafar kumatu. Idan tabarau ya yi hazo, to numfashi na zurarewa ta sama. Cikakken gemu ma yana hana N95 mannewa, abin da ya shafi magidanta da yawa a nan.

A zafin bazarar Sakkwato gumi kan jiƙa takunkumi da wuri, kuma jiƙaƙƙe canza shi ake yi. Na yadi a wanke shi da sabulu kullum, na asibiti kuma a jefar da shi bayan amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ɗora sanya shi a kan yara 'yan shekara 5 zuwa ƙasa ba.