Ƙyanƙyasar Ƙwan Kaza a Gida

Ƙyanƙyasar ƙwai a gida hanya ce da iyali ke samun 'yan tsaki ba tare da sun saya ba, ko dai da kaza mai kwanci ko da injin ƙyanƙyasa. Ƙwan kaza yana ɗaukar kwana 21, na zabo kuwa 26 zuwa 28. Sai ƙwan kazar da zakara ya barbara ne ke fitar da ɗan tsako, shi ya sa ƙwan kireti na gidan gona, inda ba a haɗa kaji da zakara, ba ya ƙyanƙyashewa. Zakara ɗaya yakan wadaci kaji goma.

A Zariya da ƙauyukanta kazar Hausa ce ke riƙe da wannan aiki, kuma galibi mata ne masu ita. Takan rufe ƙwai 10 zuwa 12, tana juya su da baki, ba ta tashi sai don ci da sha. Akan yi mata gurbi a akurki ko tsohuwar tukunya, a barbaɗa toka saboda ƙwarƙwata. Har ƙwan zabo akan sa mata. Kajin da aka inganta don yawan ƙwai, irin su ShikaBrown ta cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ba su cika kwanci ba, don haka ƙwansu ma sai an nema masa uwar riƙo ko inji.

Inji yana buƙatar zafi digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyos, da juya ƙwan aƙalla sau uku kullum har zuwa kwana na 18, sannan a daina juyi a ƙara laima. Da hunturu dole a sa kwanon ruwa a ciki, in ba haka ba ɗan tsako ya manne wa ɓawo. Babbar matsalar injin ita ce ɗaukewar wuta. Wanda ba shi da sola ko batir, kaza ta fi masa tabbas.

Bai kamata ƙwan da za a sa ya wuce mako ɗaya a ajiye ba, musamman a zafin Maris da Afrilu. A kwana na 7 akan haska shi da tocila a ɗaki mai duhu: mai rai yana nuna jijiyoyin jini, wanda ya fito fayau kuwa a cire shi tun bai zama baragurbi ba.

Asara mafi yawa takan zo bayan ƙyanƙyasa, daga shirwa da sanyi da cutar Niyukasil, wadda ke da rigakafi. Don haka akan killace uwa da 'ya'yanta a makonnin farko.