Wuƙa Ɗaya Don Zango da Tafiyar Daji: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa goya jaka ya yi wuni yana tafiya a ƙafa ya san cewa kowane giram yana da nauyinsa idan yamma ta yi. Shi ya sa masu shirin kwana a daji ko hawan tsaunuka suke neman wuƙa ɗaya tak da za ta ɗauke musu yawancin aiki. Ga tambayoyin da suka fi tasowa wajen zaɓenta.

Shin akwai wuƙar da za ta iya kowane aiki kuwa?

Babu. Amma akwai wadda za ta iya ayyukan da lallai za ka yi, kuma ita ya kamata ka nema. Zauna ka lissafa abin da hannu ke yi da wuƙa a zango: yanka igiya, buɗe ƙunshin abinci, yanka albasa ko nama, feƙe turken tanti idan ɗaya ya ɓata, kankare busasshen itace don hura wuta, gyara kifi, yanke bandeji. Kusan dukkansu ƙananan ayyuka ne da ke son kaifi da saiti fiye da ƙarfi. Sare itace aikin gatari ne ko zarto, share hanya kuma aikin adda. Wanda ya sayi ƙatuwar wuƙa don ranar da zai ɓace a daji yakan ƙare yana fama da ita wajen ɓare dankali, daga baya ma ya fara barinta a gida saboda nauyi. A ganina matsakaiciya, marar ado, wadda kai da kanka za ka iya wasawa, ita ce ta fi kusa da abin da ake kira wuƙar kowane aiki.

Mai ninkewa zan ɗauka ko tsayayya mai kube?

Ya danganta da irin fitar. Idan tafiyar wuni ce a kan sananniyar hanya, kana dafa abinci a kan ƙaramin risho, wuƙar aljihu mai ninkewa ta wadatar. Opinel mai lamba 8, wadda ake ƙerawa a yankin Savoie na Faransa, ruwanta santimita 8.5 ne, nauyinta bai kai giram 50 ba, kuma tun 1955 aka sa mata zoben da ke kulle ruwan don kada ya rufo a kan yatsu. Duk mai ninkewar da za ka saya, ka tabbata tana da makulli irin wannan ko wani nau'insa, sai fa inda doka ta hana, za mu zo kan wannan.

Idan kuwa za a kwana, a hura wutar itace, a yi sassaƙa, tsayayya ta fi. Ba ta da mahaɗin da zai sassauta, ba ta da lungun da maiƙo da yashi za su maƙale, ana wanke ta cikin daƙiƙa kaɗan, kuma hannun da sanyi ya ƙandare yana iya zaro ta ba tare da laluben farce ba. Da za a ce in zaɓi ɗaya don duka biyun, tsayayya zan ɗauka.

Wane tsawo da wane kauri?

Ruwa mai tsawon santimita 9 zuwa 12, wato wajen inci 4. Ƙasa da haka yakan gaza wajen yanka burodi ko raba itace. Sama da haka tsinin ya yi nisa da hannu, saiti ya ragu. Ba banza ba ne wuƙar gargajiya ta mutanen Finlan, wadda suke kira puukko, tsawon ruwanta bai cika wuce faɗin tafin hannu ba, alhali mutanen daji ne masu sassaƙa.

Kauri shi ne abin da mutane suka fi yin kuskure a kai. Suna ganin ruwa mai kaurin milimita 5 ko 6 sai su ce wannan ba ya karyewa. Gaskiya ne, amma kuma ba ya yanka yadda ya kamata: idan ka sa shi a kan karas ko tuffa, tsaga su yake yi maimakon ya ratsa. Milimita 2.5 zuwa 3.5 shi ne daidai ga mai son wuƙa ɗaya ta yi girki ta kuma yi itace. Morakniv Companion ta ƙasar Suwidin, wadda ta karaɗe duniya a hannun masu zango, ruwanta kimanin santimita 10 ne, kaurinsa tsakanin milimita 2 da 2.5.

Ana ta maganar ƙarfen da ya ratsa ƙota har ƙarshe. Dole ne?

Ruwan wuƙa yana da wutsiya da ke shiga cikin ƙota. A wasu wuƙaƙen wutsiyar siririya ce, ta tsaya a tsakiya ko ta ɗan wuce; a wasu kuma faɗinta ɗaya da ƙotar, ta fito har gindi, ana ganin ƙarfen tsakanin ɓangarori biyu na mariƙin. Ta biyun ta fi ƙarfi, babu musu. Amfaninta yana fitowa ne idan kana faskare da wuƙa, wato ka ɗora kaifin a kan guntun itace ka riƙa buga bayanta da sanda har itacen ya tsage, don ka kai ga busasshen cikinsa bayan an yi ruwa.

Sai dai ta fi nauyi, kuma a wuri mai tsananin sanyi ƙarfen da ya fito fili yana cizon hannu. Companion ɗin da na ambata wutsiyarta ba ta kai ƙarshe ba, amma tana raba itace mai kaurin damtse lafiya lau idan ba a yi mata ganganci ba. Kamfanin yana da wata, Garberg, mai cikakkiyar wutsiya da kaurin milimita 3.2, ga wanda faskare ya zame masa aikin kullum. Idan itacen ya fi damtse kauri ko yana da gaɓa, ka bar wuƙa ta huta. Ƙaramin zarto mai ninkewa ya fi ta sauri, ya fi ta aminci.

Wane irin ƙarfe ya fi: mai tsatsa ko marar tsatsa?

Nan ne musu ya fi zafi, kuma nan ne masu talla suka fi ruɗa mai saye da lambobi da haruffa. Asalin maganar ba ta da wuya. Ƙarfen wuƙa baƙin ƙarfe ne da aka haɗa da ɗan sinadarin kabon don ya yi tauri idan an gasa shi an tsoma. Wanda ake kira 1095, misali, kabon ɗinsa kusan kashi 0.95 cikin 100 ne. Irin wannan yana ɗaukar kaifi da wuri, ana wasa shi a kan kusan kowane dutse mai laushin fuska. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: ka yanka lemo ka mayar da ita kube ba ka goge ba, gobe za ka tarar da jan tabo.

Marar tsatsa kuwa an ƙara masa sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda ke haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, ta kare ƙarfen daga danshi. Harry Brearley ne ya yi fice da shi a birnin Shefild na Ingila a 1913. Tsofaffin wuƙaƙen irin wannan ƙarfe sun yi suna wajen saurin dakushewa, shi ya sa har yanzu wasu ke ƙyamarsa, amma zamani ya wuce nan. Ƙarfen 12C27 da kamfanin Sandvik ya ƙirƙiro, mai kabon kashi 0.6 da kuromiyam kashi 13.5, yana yin kaifi mai kyau kuma ba ya wahalar wasawa. Ka dai sani sunan "marar tsatsa" ya ɗan zarce gaskiya: shi ma yana tsatsa idan ya daɗe a ruwan gishiri.

Abin da ya fi sunan ƙarfe muhimmanci shi ne yadda aka gasa shi. Ana auna taurinsa da ma'aunin Rockwell, kuma ga wuƙar daji 56 zuwa 60 ya yi. Idan ya haura haka sosai, kaifi zai daɗe, amma bakin yana iya ɓantarewa idan ya haɗu da ƙashi ko tsakuwa, kuma gyara shi a daji sai da dutsen lu'ulu'u da haƙuri. Ga wanda zai yanka abinci da wuƙar da yake sassaƙa da ita, ya ratsa damina da raɓa, ni marar tsatsa nake ba da shawara. Mai kabon na wanda ke jin daɗin kula da kayansa ne, yana gogewa yana shafa mai.

Wani abu da ake yawan ruɗewa a kai: ana cewa sai mai kabon ke ƙyasta wuta. Wannan gaskiya ne idan da dutsen ƙanƙara za a ƙyasta. Amma sandar ƙyastu ta zamani da ake sayar wa masu zango, tartsatsin daga jikin sandar yake fitowa, don haka kowace wuƙa mai baya mai kaifin kusurwa za ta kankare ta. Da bayan ake yi, kada ka ɓata kaifinka.

Siffar baki da tsini fa?

Tsinin da ya sauko a hankali daga baya zuwa wajen tsakiyar ruwa ya fi dacewa, domin yana da ƙarfi kuma yana da ciki mai lanƙwasa na yanka. Dogon tsini siriri yana huda da kyau, amma shi ne ke fara karyewa.

Game da yadda aka zaftare bakin, iri biyu ne suka fi shafar mai zango. Akwai salon ƙasashen arewacin Turai, inda ruwan ke tafiya da kaurinsa sai kusa da baki a zaftare shi da faffaɗan gangare ɗaya. Wannan gwani ne a itace, kuma shi ya fi sauƙin wasawa ga sabon hannu, tunda gangaren kawai za ka kwantar a kan dutse, shi zai nuna maka kusurwa. Akwai kuma wanda aka zaftare tun daga baya har baki, ya siranta a hankali. Wannan ya fi ratsa abinci da igiya. Mai yawan sassaƙa ya ɗauki na farko, mai yawan girki ya ɗauki na biyu. Idan ruwan siriri ne, bambancin ba ya da yawa.

Mai haƙora irin na zarto fa?

Tana cin igiya mai kauri da ɗamarar jaka, amma ba ta sassaƙa, kuma wasa ta sai da kayan aiki na musamman. Miƙaƙƙen baki mai kaifi ya ishe ka.

Me zan duba a ƙota da kube?

Riƙe ta kafin ka saya idan da hali. Damƙe ta da ƙarfi na minti ɗaya, ka juya ta kaifi sama, ka juya ta gefe. Duk inda ka ji wani tudu yana danna maka tafin hannu, nan ne kanta za ta fito bayan rabin awa na sassaƙa. Ƙotar da aka yi wa ramukan yatsu tana da kyan gani, amma riƙo ɗaya kawai ta yarda da shi. Roba mai ɗan kaushi ta fi riƙuwa idan hannu ya jiƙe ko ya yi maiƙo, kuma ɗan tudu tsakanin ƙota da ruwa yana hana yatsa zamewa kan kaifi. Launi ma ba wasa ba ne: wuƙa mai ƙota ruwan lemo ana ganinta a cikin ciyawa da magariba, mai launin ganye kuwa ajiye ta ɗaya ne ta ɓace.

Kube rabin wuƙa ne. Kife shi ƙasa ka girgiza. Idan ta faɗo, bai yi ba. Na roba mai tauri yana wankuwa kuma ba ya shan ruwa. Na fata ya fi daɗin ɗauka, amma yana riƙe danshi, don haka kada a adana wuƙa a cikinsa tsawon watanni.

Ba gara in ɗauki mai kayan aiki da yawa ba?

Irin su Victorinox, wadda Karl Elsener ya kafa masana'antarta a Ibach ta ƙasar Siwizalan a 1884, ko Leatherman mai filaya da ta fito a Amurka a 1983, suna da amfani ƙwarai wajen gyaran risho, zif ko sandar tanti, kuma almakashinsu da hantsakinsu na cire ƙaya sukan yi rana. Rauninsu shi ne riƙo: ƙotar ba ta zauna a hannu don dogon yanka. Mai tafiya da kaya marasa nauyi zai iya wadatuwa da ita kaɗai. Mai zangon kwanaki yakan haɗa ƙarama ɗaya da tsayayyar wuƙarsa.

Yaya zan kula da kaifinta, kuma in kare kaina?

Dakusasshiyar wuƙa ta fi yanka mai ita, saboda sai ka danna da ƙarfi, idan ta kuɓuce kuma da ƙarfin za ta tafi. Ƙaramin dutsen wasa mai fuska biyu ya isa. Ga yawancin wuƙaƙe kusurwar digiri 20 a kowane gefe ta yi. Shafa tawadar alƙalamin maka a bakin kafin ka fara. Inda tawadar ta goge, nan dutsen yake ci, sai ka gyara hannunka. Ka wasa gefe ɗaya har ka ji ɗan siririn leɓen ƙarfe ya lanƙwaso ɗaya gefen, ka juya, sannan ka ƙarasa a kan guntun jemammiyar fata.

Wajen aiki, yanka ya riƙa nisantar jiki. Idan kana zaune kana sassaƙa, ɗora gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa don wuƙar ta kasance gaba da ƙafafunka, ko ka yi aikin a gefe. Kada ka taɓa sassaƙa a tsakanin cinyoyi: babbar jijiyar jini ta bi ta nan, kuma a daji asibiti yana da nisa.

Doka ta yarda in yi yawo da ita?

Kowace ƙasa da nata, kuma sai ka bincika kafin ka tashi. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya ɗauki mai ninkewa marar makulli wadda bakinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62, mai makulli ko tsayayya sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A Jamus an hana yawo da tsayayyar da ruwanta ya wuce santimita 12, haka ma mai makullin da ake buɗewa da hannu ɗaya, sai da hujjar da doka ta amince da ita. Wannan ma wani dalili ne na tsayawa a matsakaicin tsawo. A jirgin sama, wuƙa tana shiga kayan da ake aunawa a sa a cikin jirgi, ba jakar hannu ba. A kan hanyar zuwa daji kuma, ta zauna a ƙasan jaka cikin kubenta, sai an isa a ɗaura ta a ƙugu.