Lamba tara a ƙananan rukunonin Ingila: tambayoyi da amsoshi

Mafi yawan masu kallon ƙwallon Ingila a Firimiya suke tsayawa. Amma a ƙarƙashin ƙungiyoyi 20 ɗin nan akwai ɗaruruwan 'yan wasan gaba da ƙwallo ce abincinsu, sai dai ba kasafai kyamara ke waiwayarsu ba. Ga wasu tambayoyi kan yadda sana'ar tasu take.

Wai ina ne ake kira ƙananan rukunoni?

A ƙarƙashin Firimiya akwai Championship, sai League One, sai League Two, kowanne da ƙungiyoyi 24. Idan aka haɗa da na Firimiya sun zama 92. Mataki na biyar shi ne National League, wanda a da ake ɗauka na 'yan sha'awa ne, amma yanzu yawancin ƙungiyoyinsa ba su da wata sana'a sai ƙwallo. Tun 1987 ake hawa da sauka kai tsaye tsakanin mataki na huɗu da na biyar. Idan aka ce ƙananan rukunoni, galibi League One zuwa ƙasa ake nufi, don Championship a wajen kuɗi da 'yan kallo ta fi manyan gasannin ƙasashe da dama.

Yaya kakar wasa take ga ɗan wasan gaba a can?

Doguwa ce, kuma mai cin jiki. Wasanni 46 ake bugawa a gasar, ba 38 irin na Firimiya ba, ga kofuna a kai. Sau da yawa a buga Asabar, a sake bugawa Talata da dare. Tafiye-tafiyen kuma a bas ake yi. Idan Carlisle da Plymouth suka haɗu a rukuni ɗaya, tafiyar sama da kilomita 600 ce tsakaninsu, a buga wasa a juyo.

A cikin fili, aikin lamba tara, wato ɗan wasan gaba mai neman cin ƙwallo, ya sha bamban da abin da aka saba gani a talabijin. A ƙungiyoyi da yawa, musamman cikin hunturu da fili ya yi laka, mai tsaron raga zai ɗaga ƙwallo sama ne kawai ya cillo. Ɗan wasan gaba yana tsaye ya ba raga baya, mai tsaron baya ya manne masa, gwiwa a cinya, hannu a riga. Dole ya tare ta da ƙirji ko ya goga ta da ka, ya riƙe na daƙiƙa biyu har abokansa su taso. Zai yi haka sau da dama kafin dama ɗaya tak ta faɗo masa a cikin da'ira, wataƙila daga jifa mai nisa ko ƙwallon da ta kuɓuce wa mai tsaron raga bayan bugun kusurwa. Ba na'urar VAR da za ta waiwayi jan rigar da aka yi masa. Alƙalin wasa ya gani, ko bai gani ba, shi ke nan.

Don haka ƙungiyoyin can suka daɗe suna son haɗa mutum biyu a gaba: ƙato mai cin ƙwallon sama, da ƙarami mai gudu da ke tsintar abin da ya faɗo. Yanzu dai masu horarwa da yawa a League One da League Two suna son a taka leda daga baya, amma ranar da ruwa ya sauka kuma ana neman maki uku ido rufe, tsohuwar hanya ake komawa.

Ana samun arziki a wannan sana'a?

Ana samun rufin asiri, wasu ma fiye da haka, amma ba irin kuɗin da mutum zai ajiye takalmi ya zauna ba aiki ba. Babbar matsalar ma ba yawan albashin ba ce, gajartar kwantiragi ce. Shekara ɗaya ko biyu ake bayarwa, kuma yawanci ranar 30 ga Yuni suke ƙarewa. Da an rufe kaka, kowace ƙungiya ta fitar da sunayen waɗanda za ta riƙe da waɗanda ta sallama. Mai gidan haya da yara a makaranta, watan Mayu ba watan barci ba ne a wurinsa.

Labarin Adebayo Akinfenwa ya nuna wannan ƙarara. A 2016, a wasan ƙarshe na cike gurbin League Two a Wembley, AFC Wimbledon ta doke Plymouth da ci 2 da nema, shi ne ya ci ta biyu da bugun fenariti a can ƙarshen wasa. Ƙungiyarsa ta hau League One. Aka miƙa masa makirufo ana tsaka da murna, sai ya shaida wa duniya cewa a halin da ake ciki ba shi da aiki, don haka masu horarwa su neme shi ta WhatsApp. Mutane suka yi ta dariya, amma ba wasa yake ba: ƙungiyar ta riga ta yanke shawarar rabuwa da shi. Wycombe ce ta ɗauke shi, ya kuma hau Championship da ita a 2020.

Wani lokacin ma ƙungiyar ce kanta ke durƙushewa. An kori Bury daga gasar a watan Agustan 2019 bayan 'yan wasanta sun yi watanni suna bin bashin albashi, Macclesfield Town kuma kotu ta rushe ta a 2020.

Shi ya sa suke yawan sauya riga?

Shi ne. Akinfenwa, haifaffen Landan, sai da ya je Lithuaniya ya fara da Atlantas, ya biyo ta Barry Town a Wales, sannan ya zaga Torquay, Swansea, Millwall, Northampton, Gillingham da wasunsu. Ga ɗan wasan gaba lissafin ma ya fi tsanani, domin shi kaɗai ne ake auna shi da abu ɗaya: yawan ƙwallayen da ya ci. Mai tsaron baya zai iya yin kaka mai kyau ba tare da an ƙirga masa komai ba. Shi kuwa idan ya ci 20, manya su zo su saye shi. Idan ya ci huɗu, a sallame shi. Ta kowace fuska dai jakarsa a ɗaure take.

Ga kuma 'yan aro. Duk bazara manyan ƙungiyoyi na turo matasansu ƙasa su samu gogewa, sau da yawa su ne ke biyan wani kaso na albashin. Ɗan shekara 30 da ya san rukunin ciki da bai sai ya tsinci kansa a benci saboda yaro ɗan shekara 19 da ya fi shi arha.

To ai Jamie Vardy daga can ya fito. Ba hanya ce ta zuwa sama ba?

Hanya ce, amma siririya. Sheffield Wednesday ta sallami Vardy yana ɗan shekara 16. Ya koma Stocksbridge Park Steels yana karɓar fam 30 a mako, yana kuma aiki a masana'antar kayan ɗaurin ƙashi. Daga nan Halifax, sai Fleetwood, inda ya ci 31 a gasar mataki na biyar a kakar 2011/12. Leicester ta saye shi fam miliyan ɗaya yana da shekara 25. A 2015 ya ci ƙwallo a wasannin Firimiya 11 a jere, a 2016 ya ɗaga kofin, a 2020 ya karɓi takalmin zinare da ƙwallo 23 yana ɗan shekara 33.

Ba shi kaɗai ba ne. Rickie Lambert ya taɓa aiki a masana'antar cusa kayan lambun da ake kira beetroot a kwalba, ya bi ta Macclesfield, Stockport, Rochdale da Bristol Rovers kafin Southampton. A 2013, yana da shekara 31, ya shigo wa Ingila a karon farko a wasa da Scotland, taɓawarsa ta farko ya sa kai ta shiga raga. Grant Holt ma'aikacin gyaran taya ne a da, ya kuma ci 15 a Firimiya da Norwich a kakar 2011/12. Ollie Watkins, wanda ya ci Holan a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Turai ta 2024, Exeter ta taɓa tura shi aro Weston-super-Mare a mataki na shida.

Abin lura a nan: Lambert da Holt ba sayen su aka yi zuwa Firimiya ba. Tare da ƙungiyoyinsu suka hau daga League One, hawa biyu a jere. A ganina wannan ita ce ƙofar da ta fi buɗuwa ga wanda ya haura shekara 27, domin manyan ƙungiyoyi matashi suke so, wanda za su sake sayarwa da riba. Kuma ana yawan ba da labarin waɗannan mutane ne saboda ba su da yawa.

Wanda ke cin 30 a ƙasa, me zai hana shi ci a sama?

Lokaci da sarari. Kowane mataki aka hau, masu tsaron baya sun fi sauri, kuskurensu ya ragu, taɓawa biyun da ya saba yi ta koma ɗaya. Macaulay Langstaff ya ci wa Notts County 42 a National League a kakar 2022/23, ya sake zama kan gaba a League Two a kaka ta gaba, amma da ya koma Millwall a Championship sai ƙwallayen suka yi wuya.

Sai dai ba duka laifin ɗan wasa ba ne. Wanda ya ci da yawa a ƙasa galibi yana ƙungiyar da ke mamaye wasa. Idan ya hau, sai ya faɗa ƙungiyar da ke kare kanta minti 70 cikin 90. Aleksandar Mitrović ya ci wa Fulham uku kacal a Firimiya a kakar 2020/21 da ta faɗi, ya ci 43 a Championship a 2021/22, ya dawo Firimiya ya ci 14. Mutum ɗaya ne, ƙungiyar da ke bayansa ce ta canza.

Akwai masu sauka ƙasa da gangan?

Akwai, kuma ba hauka ba ne. Paul Mullin ya ci 32 a League Two a kakar 2020/21, Cambridge ta hau League One da shi. Maimakon ya bi ta, sai ya sauka National League ya sa hannu a Wrexham, wadda taurarin fim Ryan Reynolds da Rob McElhenney suka saya a farkon 2021. An yi ta sukar sa a lokacin. Amma kwantiragin shekara uku aka ba shi, kusa da iyalinsa, abin da ba kowane ɗan wasan League One ke samu ba. Ya ci 38 a kakar da Wrexham ta lashe gasar da maki 111, ƙungiyar kuma ta hau sau uku a jere har Championship a 2025. Da ta isa can, sai ta tura shi aro Wigan a League One.

Idan ƙafa ta gaji fa?

Kaɗan ne ke kai shekara 40 irin Akinfenwa, wanda ya yi ritaya a 2022. Yawanci a hankali ake gangarowa: daga League Two zuwa National League, daga nan zuwa ƙungiyar da ke atisaye dare biyu a mako, mutum yana wani aikin da rana. Ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa ta PFA, wadda aka kafa a 1907, tana tallafa wa membobinta da kuɗin karatu da kwasa-kwasan horarwa. Masu dabara tun suna buga wasa suke fara neman takardar koci ko koyon wata sana'a, domin guraben horarwa ba su kai yawan masu ajiye takalmi duk shekara ba.