Koyar da lissafi ta hanyar ƙera wasan kwamfuta

Koyar da lissafi ta hanyar ƙera wasan kwamfuta dabara ce da ake sa ɗalibin sakandare ya gina wasansa da kansa, yana amfani da aljabara da ilimin siffofi wajen sarrafa abin da ke motsi a allo. Tushenta yana wajen Seymour Papert, masanin lissafi ɗan asalin Afirka ta Kudu, wanda shi da abokan aikinsa suka fito da Logo, harshen rubuta wa kwamfuta umarni, a Amurka a 1967. Ra'ayinsa shi ne yaro ya fi kama ilimi idan yana ƙera abin da zai nuna wa wasu. Manhajar Scratch ta ƙera wasanni a kwamfuta, da jami'ar MIT ta saki a 2007, ta gaji wannan ra'ayi.

Allon Scratch fili ne na ma'auni: a kwance daga -240 zuwa 240, a tsaye daga -180 zuwa 180. Ɗalibin da ke son ƙwallo ta gangara dama dole ya riƙa ƙara wa x, wato ma'aunin kwance, adadi. Idan ya mance ya sa alamar ragi a inda ta dace, ƙwallon za ta nufi wani gefen a gaban idonsa, ba sai malami ya ɗauko jan biro ba. Sanin ko ƙwallo ta taɓa mai tsaron gida kuwa aikin ƙa'idar Fitagoras ne, wadda ke fitar da tazarar kai-tsaye daga ta kwance da ta tsaye: tazarar 30 a kwance da 40 a tsaye na nufin 50 ne tsakaninsu. Shirin Bootstrap na Amurka yana koyar da wannan ƙa'ida ta irin wannan hanya.

A Zariya, garin Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Barewa, batutuwan ba baƙi ba ne, domin suna cikin abin da WAEC da NECO ke tambaya. Cikas ɗin wuta ne da ƙarancin kwamfuta, sai kuma lokaci, don manhajar karatun zango ba ta jira. Scratch dai tana da nau'in da ke aiki ba intanet. Ko kwamfutar ma babu, ana iya farawa da dara: gurabe 30 a layi biyar na shida-shida, kowane gurbi a ba shi lambar layi da ta jere, ɗalibi ya rubuta a takarda dokar da za ta gane cewa 'ya'ya uku sun jeru.