Ciwon damuwa da fargaba a wajen masu baiwa

Ciwon damuwa da yawan fargaba a wajen masu baiwa, wato waɗanda Allah ya ba kaifin ƙwaƙwalwa fiye da sa'anninsu, magana ce da masana halayyar ɗan'adam suka kai shekara ɗari suna ja-in-ja a kanta. Mutane dai sun ɗauka basira in ta yi yawa takan taɓa mai ita, amma bincike bai nuna haka kai tsaye ba.

A 1921 Lewis Terman na jami'ar Stanford ya fara bibiyar yara wajen 1,500 masu hazaƙa a Kalifoniya, aka ci gaba da binsu har tsufansu, kuma yawancinsu lafiya lau suka rayu, suka yi aure suka kama aiki. Ita kuwa Leta Hollingworth a New York yara 12 ta sa wa ido, waɗanda makinsu na gwajin basira ya haura 180, sai ta ga abin da ya fi cinsu kaɗaici ne, yaro ɗan shekara shida yana son hirar taurari da lissafi, sa'anninsa guje-guje ne a gabansu, manyan yara kuma ba sa sa shi a wasa, shi kenan sai ya koma gefe da littafinsa.

A 2018 an fitar da wani bincike kan 'yan ƙungiyar Mensa ta Amurka sama da 3,700, wato ƙungiyar masu kaifin basira, da ya nuna damuwa da fargaba sun fi yawa a cikinsu, sai dai an soke shi sosai don su suka kawo kansu kuma da bakinsu suka faɗi ciwon. Wani babban bincike da aka yi daga baya da bayanan UK Biobank, wata babbar ma'ajiyar bayanan lafiyar jama'a a Birtaniya, bai ga haka ba sam, fargaba ma ta fi ƙaranci a wajen masu kaifin basirar.

Shi ya sa masana da yawa suka fi ɗora laifin kan abin da ke kewaye da baiwar, kamar son komai ya fito cif ba kuskure, da nauyin da iyaye da malamai ke jibga wa yaro. Wanda ya saba zuwa na ɗaya tun firamare, ranar da ya zo na uku sai barci ya gagara, gabansa yai ta faɗuwa, wani har abinci ya daina ci. Kuma ciwon nasu yana da wuyar ganewa, don sakamakon jarrabawa na nan da kyau, kowa na cewa ai wane ba shi da matsala, shi kuma ya iya ɓoyewa, sai abu ya yi nisa tukunna a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa.