Motar da ke kiran agaji da kanta: me dokar Turai ta ce kan sirrin direba?

Tun daga 31 ga Maris 2018, duk sabon samfurin ƙaramar mota da za a amince da shi a Tarayyar Turai sai an sa masa na'urar eCall. Idan aka yi mummunan haɗari, motar da kanta za ta buga 112, lambar gaggawa, ko da direban ya suma.

Sai dai na'urar da ta san inda kake ranar haɗari, ai kullum ma za ta iya sani: asibitin da kake zuwa, gidan da ka kwana, masallacin da kake salla. Wannan fargabar ce ta sa doka mai lamba 2015/758 ta ɗaure na'urar tamau a sashenta na 6.

Muddin ba a yi haɗari ba, haramun ne a bi sawun motar ta wannan na'ura. Wurare uku na ƙarshe kaɗai aka yarda ta riƙe, don masu ceto su gane inda motar take da inda ta dosa, abin da ke da muhimmanci a babban titi mai hannu biyu. Sauran kuwa gogewa take yi a kai a kai. In ta yi kira, abin da za ta aika taƙaitacce ne: lokaci, wuri, lambar jikin mota, irin makamashin da take amfani da shi. Ba a yarda a yi wani amfani da bayanan ba sai na ceto, kuma wajibi ne kamfani ya bayyana duk wannan a littafin motar.

Inda nake ganin gizo ke saƙa shi ne manhajojin kamfanonin motocin da kansu, waɗanda direba ke danna "na amince" bai karanta ba. Dokar ta hana su musayar bayanai da eCall, amma abin da suke tattarawa yana ƙarƙashin GDPR ne, dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wadda tararta kan kai Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a shekara.

A Amurka an ga illar sakaci. A Janairun 2025 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye ta zargi kamfanin motoci na General Motors da sayar da bayanan tuƙin mutane ta OnStar, tsarinsa na sadarwa da ke cikin motoci, bayanan da suka kai ga kamfanonin inshora har suka yi amfani da su wajen yanke kuɗin inshorar da direbobi za su biya. Hukumar ta nemi a hana kamfanin miƙa irin waɗannan bayanai ga kamfanonin da ke tattara bayanan masu saye suna sayarwa har shekara 5.