Pakhangba: sarkin da sunansa ke nufin "wanda ya san ubansa"

Duk mai bin labarin rikicin jihar Manipur ta Indiya, wanda ya ɓarke ranar 3 ga Mayu 2023 tsakanin 'yan Meitei da 'yan Kuki, zai yi wuya bai ga wata tuta mai kala bakwai ba, ko hoton wani maciji da ya nannaɗe jikinsa ya cusa jelarsa a baki. Macijin nan sunansa Pakhangba. Kuma sunan wani sarki ne. Kuma abin bauta ne. To wanne ne a ciki? Duka ukun ne, kuma nan ne mutane ke rikicewa.

Mu fara da ita kanta kalmar. A yaren Meitei "pa" uba ne, "khangba" kuma sani, in ka haɗa sai ya ba ka "wanda ya san ubansa". Ni dai da na fara jin fassarar sai da na yi dariya, don kowa ya san nauyin a ce wa mutum bai san ubansa ba, sai ga wasu mutane can a gindin duwatsu kusa da iyakar ƙasar Bama (Myanmar) sun ɗauki kishiyar wannan zagin sun mai da shi suna mafi girma a masarautarsu.

Yadda sunan ya samo asali labari ne na addininsu na gargajiya, ba wai ina ce muku haka aka yi ba, yadda suke faɗa ne. Wai babban abin bautarsu yana da 'ya'ya biyu, Sanamahi babba da Pakhangba ƙarami, sai ya ce duk wanda ya riga zagaye duniya ya dawo shi zai hau gado. Sanamahi mai ƙarfi ne, nan take ya kama hanya. Ƙaramin kuwa ya san ba zai iya ba, sai ya je wajen uwarsu Leimarel yana kuka, ita kuma ta ce masa kai yaro, gadon ubanka ai shi ne duniyar, je ka zagaye shi. Ya zagaye, uban ya ce shi kenan ka ci. Da Sanamahi ya dawo a gajiye ya tarar ƙaninsa na kan gado sai ya fusata kamar zai tashi duniya, aka lallashe shi da cewa to kai ne sarkin kowane gida. Shi ya sa har gobe in ka shiga gidan ɗan Meitei za ka ga an ware kusurwar kudu maso yamma an ce ta Sanamahi ce, har a gidajen waɗanda suka koma addinin Hindu. Akwai wata ruwayar kuma da ke cewa uban rikiɗa ya yi ya zama mushen saniya yana bin ruwa don ya gwada 'ya'yan, ƙaramin ne kaɗai ya gane shi.

Wancan shi ne Pakhangba abin bauta. Sarkin kuma cikakken sunansa Nongda Lairen Pakhangba, shi ne na farko a jerin sarakunan da ke cikin kundin fadar Manipur, Cheitharol Kumbaba. Kundin ya ce ya hau gado a shekara ta 33 miladiyya a Kangla, wani tudu a bakin kogin Imphal, ya yi mulki har zuwa 154. Lissafa da kanka, wajen shekara 120 kenan. Ka ga dai dole mutum ya ɗan ɗaga gira. Masana tarihi ma ba su ɗauki lambobin nan kai tsaye ba, saboda rubuta abubuwa shekara bi shekara a fadar sai zamanin sarki Kyamba aka fara shi a 1485, abin da ya gabaci haka daga baki da tsofaffin takardu aka tattaro. Su kuwa masu ba da labarin ba su ga abin mamaki ba, tunda a cewarsu da rana abin bauta ne, da dare ne yake komawa mutum wajen matarsa Laisana.

Amma in ka ture almarar gefe akwai siyasa zalla a ƙasa, kuma ita ce ta fi burge ni. Kwarin Imphal a lokacin ba ƙasa ɗaya ba ce, dangi-dangi ne kowa da yankinsa da shugabansa, ana ta gwabzawa kan wa zai riƙe Kangla. Pakhangba ya yi faɗa da dangin Khaba, ya kuma yi takara da wani mai suna Poireiton, da ya rinjaye shi bai kore shi ba sai ya auri 'yar'uwarsa, ita ce Laisana ɗin nan. Takobi a hannu ɗaya, goron aure a ɗayan. Daga shi gidan sarautar Ningthouja ya faro, kuma shi ake jingina wa tsarin dangi bakwai da suke kira salai taret: Mangang wanda shi ne gidan sarauta, Luwang, Khuman, Angom, Moirang, Kha-Nganba da Sarang-Leishangthem. Kaloli bakwai na tutar nan su ne waɗannan. Har yau ba a aure a cikin dangi ɗaya, dole ka nemo mata a wani, wanda in ka duba dabara ce babba, kowane gida ya zama surukin wani. Sai dai kar a ce shi ya gama haɗa su a rayuwarsa, a'a, irin su Moirang da Khuman sun yi ƙarnuka da nasu sarakunan kafin jikokinsa su haɗiye su.

To me ya sa sunan sarki da na abin bauta suka zama ɗaya? Don sarakunan da suka biyo baya sun riƙa cewa su jininsa ne, shi kuma abin bautar ne ya sauko, saboda haka gadon Kangla ba na kowa ba ne sai wanda zai iya nuna ubansa har zuwa can sama. Wato sunan da kansa takardar shaidar sarauta ce. Ko da sarki Pamheiba ya mai da Hindu addinin fada a ƙarni na 18, sunan Manipur ya danne tsohon suna Kangleipak, ba a iya tumɓuke Pakhangba ba, sai ma aka yi ta ƙoƙarin ƙulla shi da labaran Hindu.

Kangla ɗin ma ta sha wuya. Turawan Birtaniya sun ci Manipur a 1891, suka fasa manyan gumaka biyu na Kanglasha, wata dabbar almara mai kama da zaki, da ke gaban fada, suka mai da wurin bariki. Bayan an haɗe Manipur da Indiya a 1949 sojojin Assam Rifles suka ci gaba da zama a ciki, mutum yana gani da idonsa wurin da ya fi ko'ina tsarki a wajensa amma sai da izinin soja zai leƙa. A watan Yuli 2004 wasu iyaye mata 12 suka tuɓe a bakin ƙofar Kangla don nuna fushi kan kisan wata mata da sojojin suka kama, abin ya girgiza Indiya gaba ɗaya, kuma ranar 20 ga Nuwamba na shekarar firaminista Manmohan Singh ya miƙa wa jama'a wurin. Yanzu akwai ɗakin bautar Pakhangba a ciki, an sake gina Kanglasha, shi ne ma tambarin gwamnatin jihar.

Abin da ban so a lamarin shi ne yadda tutar da macijin suka koma kayan yaƙi, samari da bindiga suna ɗaga su a bidiyo, alhali 'yan Kuki da 'yan Naga da ke kan duwatsu ba sa cikin dangi bakwai ɗin, in suka ga tutar ba tarihi suke gani ba, barazana suke gani. Shi kuwa gidan Ningthouja yana nan, sai dai sarautar ta suna ce kawai. Mai riƙe da ita, Leishemba Sanajaoba, a 2020 ya shiga majalisar dattawan Indiya a ƙarƙashin jam'iyyar BJP, wasu daga cikin mutanensa suka yi ta tsaki suna cewa ina aka taɓa ganin jikan Pakhangba ya je Delhi yana zaman ɗan majalisa.